Mahin Hanum Tana Jiran Tayi Na Uku

Duk Ba'iraniyen da ya kai shekara biyar a arewacin Toronto, to ko dai Mahin Hanum, wato Uwargida Mahin, ta taɓa rage masa tsawon wando, ko ta taɓa wanke shi tas, wani lokaci ma duka biyun a zama ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ta yi a bayan shagon wanki da guga na wani ɗan Koriya a titin Yonge, tsakanin keken ɗinki da tururi, bakinta cike da allurai. Masu kawo gyara sun fi son su tarar da alluran a bakin, don in ta cire su ba a san kan wa za ta sauke ba. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, da gashi ja wur wanda ta rantse haka Allah ya ba ta, ko da yake kowa ya san kantin da take sayen rinin.

Tana da shekara saba'in da ɗaya mijinta Hushang ya rasu, a tsakiyar sanyin Fabrairu. Ba a yi sati uku da binne shi ba aka zuro mata takarda ta ƙarƙashin ƙofa: an sayar da ginin da suke haya, za a rushe shi a tayar da wani dogo na gilashi, kowa ya kwashe kayansa kafin ƙarshen Mayu. Shekara talatin da uku a ɗakunan nan biyu, aka sallame ta da layi shida. Ta karanta, ta zagi masu ginin har iyayensu, ta linke takardar ta ɗora mata butar shayi. Hankalinta bai tashi ba, don tana da 'ya. Golnar, ita kaɗai Allah ya ba su, mai harhaɗa magunguna ce a wani asibiti, tana da miji Bature mai suna Martin da gida mai lambu, tafiyar minti ashirin a mota.

Ranar sadakar arba'in, bayan baƙi sun ci dabino da alewa sun watse da la'asar, uwa da 'ya suka tsaya a kicin, Golnar na wanke kofunan shayi, Mahin na gogewa. Tun rasuwar uban, yarinyar ta zama shiru-shiru, sai ka yi mata magana uku ta amsa ɗaya.

Golnar, wadda ke kiran uwarta Maman yadda ake yi a harshensu, ta ce, "Maman, na ga takardar masu gini. Ki dawo wurinmu. Ɗakin ƙasa yana nan da banɗakinsa, tagarsa na kallon lambu. Mun yi magana da Martin, shi ma haka yake so."

Wani sanyi ya ratsa zuciyar Mahin. Kwana nawa tana jiran maganar nan! Ta riga ta san kusurwar da za ta ajiye kekenta, ta san gefen lambun da za ta shuka na'ana'a. Saboda haka ta ba da amsar da duk mai tarbiyya zai bayar.

"Haba Golnar jan, 'yar lelena, wace ni? Ai ɗawainiyar da ke kanku ta ishe ku. Ina ni ina zame muku kaya da tsufana? Kada ki damu da ni, ko ɗaki ɗaya na samu ya wadace ni."

Ta ci gaba da goge kofin da ya riga ya bushe, tana jira. Golnar ta kashe famfo, ta dube ta har kallon ya yi tsawo, sannan ta ce, "To, Maman. Yadda kika ce." Ta ɗauki jakarta, ta sumbace ta a kumatu biyu, ta tafi.

Yadda kika ce! Ko yaron goye a cikin Iraniyawa ya san ba a karɓar tayin farko. A yi maka tayi ka ƙi, a sake ka ƙi, sai an haɗa ka da Allah da kabarin uba sannan ka karɓa, kana karɓa kana ba da haƙuri. Ta'arof ke nan a harshensu, kuma ba wasa ba ne. Tayin farko ko maƙiyinka zai iya yi maka don kada a ce bai yi ba. Sai a na uku mutum yake sanin ko da gaske ana son sa a wurin. Mahin ta tsaya da tsumma a hannu, kunnuwanta na zafi kamar wadda aka mara a kasuwa.

A Rasht aka haife ta, can ƙasarsu ta asali, garin da ruwan sama ba ya gajiya, 'yar mai sayar da shinkafa. Tana shekara bakwai ta miƙa hannu ta ɗauki alewa a gidan maƙwabta da tayin farko, uwarta ta yi murmushi wa matar gida, ta ƙarƙashin zane kuwa ta murɗe mata cinya har sai da wurin ya yi sati yana baƙi. Da Hushang ya zo neman aurenta, malamin makaranta mai koyar da labarin ƙasa, sau biyu ubanta yana cewa yarinya ba ta isa ba, alhali ya riga ya ware buhunan shinkafar biki a bayan shago. Hushang ya dawo na uku da kawunnansa huɗu. Har ya mutu tana yi masa gori da tafiyar nan uku, shi kuma yana cewa takalminsa ne ya san wahalar.

Da al'amura suka juya a ƙasar, aka kori Hushang daga aiki saboda wasu littattafai da aka gani a ɗakinsa, aka ɗauke ƙanensa wata safiya ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Suka tsallaka duwatsu zuwa Turkiyya a kan alfadari, Golnar 'yar shekara biyar goye a bayan uwa. Shekara ɗaya da rabi suka yi a ɗaki ɗaya na wani masauki mai warin kabeji kafin takardunsu su fito. A Toronto, mutumin da ya haddace sunan kowane kogi na duniya ya ƙare a rumfar gadin wajen ajiye motoci, yana ɗaga sanda yana saukewa. Bai taɓa ƙorafi ba. Mahin ce ta yi masa ƙorafin, nasa da nata, kullum, da babbar murya.

Sanyinsu na farko, tana dawowa daga kanti da buhun shinkafa a kafaɗa, ƙanƙara na zuba, wata Baturiya maƙwabciyarsu ta tsayar da mota ta ce ta shigo ta rage mata hanya. Mahin ta dafa ƙirji ta ce a'a, na gode, kada in wahalar da ke. Matar ta ce to, ta ɗaga gilashi ta wuce. Awa guda Mahin ta yi tana tafe cikin ƙanƙara tana tsine wa ƙasar da mutanenta da jirgin da ya kawo ta. Daga ranar ta koyi ce wa Turawa i da tayin farko, tana haɗiye kunyar kamar magani mai ɗaci. Amma wannan na waje ne. A cikin gida ba ta sauke ko ƙwayar zarra ba, kuma ba ta ga dalilin saukewa ba. An sayar da gidansu na Rasht ba da saninta ba. Uwarta ta rasu, ta wayar tarho ta ji, ba ta ga gawa ba, ba ta san kabari ba. Ƙasar da ta haife ta ta rufe mata ƙofa, wadda ta karɓe ta kuma har yau ba ta iya faɗin sunanta daidai. Abin da ya rage mata na gida shi ne yadda ake yi wa mutum magana, kuma a kansa ta yi renon Golnar.

To, Afrilu ya kama, Mahin ta shiga jira. Ta samo kwalaye daga kantin kayan miya, ta riƙa ɗaure kayanta a ɓoye tana turawa ɗakin Hushang, don ranar da aka matsa mata kada ta ɓata wa mutane lokaci. Golnar na bugo waya kullum. Tana kawo cefane, tana kai ta wurin likita, ta gyara mata takardun fansho. Maganar ɗaki kuwa ko da wasa. Mahin ta riƙa buɗe mata ƙofa da kanta.

"Yau ma masu gini sun zo suna ta aune-aune a tsakar gida."

"Allah sarki, Maman."

"Mutanen hawa na biyu sun tashi jiya. Ɗansu ne ya zo ya kwashe su, har da kuka wai sai sun bi shi."

"Madalla. Kin sha maganinki na safe?"

Tana ajiye waya sai ta huce a kan tukwane. Mako uku maƙwabta suna jin ƙarar murafai.

A gidan burodin 'yan ƙasarsu da ke titin akwai tebura uku a gefe inda tsofaffi ke shan shayi. Nan take haɗuwa da Furuzan duk Alhamis. Furuzan mutuniyar Abadan ce, a kudancin ƙasarsu, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune a wani gini na tsofaffi mai hawa goma sha ɗaya, kuma bakinta ba shi da linzami.

Mahin ta saka ƙwayar sukari a haƙori ta ce, "Yarinyar nan ta hana ni sakat. Kullum Maman ki dawo, Maman ki dawo. Ni kuwa ina tunani tukuna."

Furuzan ta ajiye kofi ta ƙyalƙyale da dariya. "Ke Mahin, ni za ki yi wa wannan? Ni da na san launin gashinki na gaskiya? Ranar Talata na ga 'yarki a ofishin gininmu tana karɓar takardar neman ɗaki. Akwai ɗakin da ba kowa a hawa na tara, mai shi ya riga mu gidan gaskiya. Barka da zuwa, maƙwabciya. Talata da Juma'a ana koya mana motsa jiki a kan kujera."

Sukarin ya narke a bakin Mahin ba ta ji zaƙinsa ba.

Furuzan ta rage murya ta ce, "Ta yi miki tayi kin ƙi, ko? Na sani. Ɗauki waya yanzu ki ce mata kina so, a wuce wurin."

"In roƙa? Ni? In roƙi abin da na goya na hau dutse da shi?"

"Yaran nan da Turanci suke tunani, baiwar Allah. Nawa in na ce kada ya kawo mini komai, wallahi hannu rabbana yake zuwa."

"Naki ke nan. Golnar tun tana 'yar shekara shida take ƙin ƙanzo sau uku a gidan mutane, tana kallonsa yawunta na tsinkewa. Ni na koya mata. Ta sani sarai."

Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Da rashin sani ne, da ta yafe, ta zagi ƙasar kamar yadda ta saba. Amma yarinya ta san ƙa'ida, ta san uwarta na jira, ta ƙi ƙarasawa da gangan.

Ranar Lahadi Mahin ta dafa shinkafa da za'afaran, ƙanzon ya fito ja-ja-ja ba ƙuna, ta soya kyafaffen kifi irin na Rasht. Golnar ta zo ita kaɗai da azahar. Suka zauna suka ci. Da aka kwashe kwanuka Golnar ta ciro takardun ginin tsofaffin daga jaka ta shimfiɗa a tebur, ta ce ɗakin yana da haske, akwai ma'aikaciyar jinya a ƙasa, ga Furuzan Hanum kusa, wuri uku kawai za a sa hannu.

Mahin ta share takardun da bayan hannu suka watse a ƙasa.

"Ba ki ji kunya ba? Gidan tsofaffi! Ubanki bai cika wata uku a ƙasa ba za ki kai ni ki ajiye kamar tsohon firiji! Sau ɗaya kika buɗe baki, sau ɗaya tak, kamar mai yi wa baƙon hanya tayin ruwa. Ko mai tasi a garinmu ya fi ki kara. Abin da na koya miki ke nan? Ko Martin ne ya wanke miki kai?"

"Ki bar Martin, Maman. Shi kullum cewa yake in je in ɗauko ki kawai."

"To ashe Baturen ya fi ki hankali!"

Golnar ta durƙusa tana tattara takardun. Da ta ɗago, fuskarta ta yi ja don fushi.

"Na san jira kike. Tun a kicin na sani. Kina so ki ji dalili? Ranar da Baba ya rasu ina Ottawa wurin taro. Na bugo miki da safe na ce, Maman, in taso? Kika ce a'a, kada ki bar aikinki, yana samun sauƙi. Na ce kin tabbata? Kika ce na tabbata. Na shiga taro. Daga baya ma'aikaciyar asibitin ta gaya mini tun da asuba likita ya ce miki awoyi suka rage. Kin sani lokacin da kike ce mini yana samun sauƙi!"

"'Yar halak ba ta tambaya, mota take shiga!"

"Awa huɗu da rabi ne tsakani, Maman! Da na iso! Sai bayan la'asar ya cika. Sau biyu na tambaye ki. Da na yi na uku da kin faɗa, ko ba haka ba? Wato in ga ubana da rai ko kada in gan shi, a kan tambaya ɗaya ya tsaya. Tun ina 'yar shekara tara nake yi muku tafinta a asibiti, a banki, a makaranta, in dawo gida kuma in zauna ina fassara ki, in kin ce a'a me kike nufi, in kin ce ba komai me na yi. Na gaji. Rana ɗaya na kuskure lissafi, kin ga abin da ya ci mini."

 Mahin ta tuna safiyar. Ta tuna yadda ta riƙe wayar da hannu biyu tana addu'a a zuciya yarinyar ta sake tambaya, da yadda ta ji haushinta da ta ajiye. Ba ta taɓa ɗauka laifin zai iya zama nata ba, kuma ko yanzu ba ta yarda ba.

Golnar ta share ido da gefen hannu ta ce, "Ɗakin yana nan. Ban ba kowa ba. Martin ya yi masa fenti, ya kafa miki tebur na keke a gaban taga. Ki zo, Maman. Ina so ki zo. Ki ce to kawai."

Biyu, in ji zuciyar Mahin. Ba ta yi niyyar ƙirgawa ba, ƙirgar ce ta yi kanta. Kalmar nan ƙarama tana kan harshenta, ta ji ɗanɗanonta ma. Amma shekara sittin da huɗu na horo sun fi ƙarfin harshe, ga kuma fushin an tsayar da ita an ba ta umarni kamar ɗaliba.

"Kada ku wahalar da kanku saboda ni," in ji ta. "Fentin ma da kun bar shi."

Golnar ta miƙe tsaye. "Ba zan sake tambaya ba, Maman. Ran da kike so, ki faɗa." Ta ajiye takardun da alƙalami a kan tebur ta fita. Mahin ta sa hannu a wuri ukun nan da ƙarfin da sai da takarda ta huje, don yarinya ta ga ita ma tana da zuciya.

Sati biyun da suka rage kowace ta kafe. Furuzan ta yi zarya tsakaninsu har ta gaji, ta ce ba ta taɓa ganin jakai biyu masu kama da juna haka ba, ta wanke hannunta.

Ranar ƙarshe ta Mayu da hantsi, Martin ya loda kujeru da kwalaye a motar haya, ya ce zai bi su a baya duk inda suka nufa. Da gangan ya faɗi haka, yana kallon matarsa. Mahin ta kulle ƙofar ɗakunan da ba komai cikinsu, ta miƙa mabuɗi ga mai gadi ba ta ce masa ko sannu ba, ta shiga gaban motar Golnar ta rungume jakarta. Suka hau titin Yonge suka yi arewa. Suka wuce shagon ɗan Koriya, suka wuce gidan burodi. A babbar mahaɗa danja ta tsayar da su, su ne a gaba. Hagu hanyar gidan Golnar ce, dama ta ginin tsofaffi.

Golnar ta riƙe sitiyari da hannu biyu, idonta a kan titi. "Ina zan bi, Maman?"

Mahin ta juya maganar a ranta da sauri. Wannan tayi ne? A'a. Wannan tambayar direba ce. Ba don Allah, ba rantsuwa, ba ko riƙe hannu. Me zai rage yarinyar nan da shi in ta ce Maman na haɗa ki da kabarin Baba? Numfashi ɗaya ne fa! Ta saci kallonta, ta ga haɓar nan a ɗage, irin tata sak, ta ga hawaye na gangarowa ba a share ba. Tana son ɗakin nan. Tana son ta ji motsin 'yarta a sama da kanta da safe, tana so in ajali ya zo ya same ta a gidan da ake jin harshenta. Ba ta taɓa son wani abu haka ba tun da ta bar Rasht.

Danja ta ba da hannu. Na baya suka fara matsa oda.

"Maman."

"Ki bi inda ya fi miki sauƙi," in ji Mahin.

Golnar ta ja numfashi, ta kunna sigina, ta karya dama. Ta madubin gefe Mahin ta ga motar Martin ta ɗan tsaya a mahaɗar kamar mai jiran a canza shawara, sannan ita ma ta biyo su.